Tiya Ɗari Biyu a Kan Sikeli

A shekarar da aradu ta faɗa kan rimin bakin kasuwarmu ta tsaga shi biyu na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malaminmu ya ce a ƙirgen boko shekarar tana cikin alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, amma mu a nan wajen Burumburum da rimin muke tuna ta. Na riga na haura arba'in a lokacin, furfura ta fara fito mini a gemu. A zauren mai unguwa muke zama bayan la'asar, kowa da allonsa a cinya.

Ba don wasiƙa na shiga ba, ba ni da wanda zan rubuta wa. Sikeli ne ya kai ni.

Mu a gida da tiya muke awo. Kwano ne da kowa ya san girmansa, a cika shi har ya yi tozo, a juye, a ƙirga. Idonka na gani, hannunka na taɓawa. Amma in kaka ta yi muka kai gyaɗa wurin masu saye, sai a ɗora buhu a kan faifan ƙarfe, malamin sikeli ya tura wani ɗan ƙarfe a kan sanda mai zane-zane, ya faɗi lamba da laba, awon nauyi na Turawa, ya rubuta. Tsakanin tiyarmu da labarsa babu wanda ya san hanya a cikinmu. Shekara da shekaru ina tsayawa ina kallon mutumin nan. Saurayi ne, ɗan birni, fensir a maƙale a kunne. Yana da wata ɗabi'a ta jingina gwiwa kusa da faifan, kuma kafin sandar ta gama rawa ya riga ya ce a sauke. Ban taɓa kama shi da komai ba. Ban kuma taɓa barin wurin zuciyata a kwance ba.

Gandu ɗaya muke da yayana tun rasuwar mahaifinmu. Shi ke riƙe da rumbu, shi ke awo, shi ke faɗin ranar da za a sayar. Mutum ne marar yawan magana, kuma ban taɓa jin ya ɓata ƙirga ba, ko ta dami ko ta tumaki. Da na ce masa zan shiga aji, cewa ya yi, "Je ka. In ka iya, ka karanto mana abin da yaron nan ke rubutawa."

Wata biyar na yi kafin lambobi su zauna mini. Shida da tara sun fi ba ni wuya. Da na iya tarawa da ninkawa, ran nan bayan an tashi na tsaya na tambayi malaminmu, "Malam, laba nawa ce a tiya ɗaya?"

Ya buɗe littafinsa ya duba gaba da baya. Ya ce, "Baba, littafin nan bai san tiya ba."

"To wa ya san ta?"

"Sai wanda ya ɗora ta a sikeli."

Sikelin kasuwa ba zan amince da shi ba, tun da shi nake tuhuma. Akwai wani ɗaya a garin, wajen wani tsohon soja da muke kira Kofur, wanda ya yi yaƙin duniya a ƙasar Bama ya dawo yana sayen kakin zuma da fatu. Nasa ƙarami ne, na ratayewa, mai ƙugiya da allura. Na roƙi matar yayana ta ara mini tiyar gidan, ainihin wadda ake awo da ita, na ɗebi tsabar gyaɗa a ƙwarya, na tafi.

Kofur ya dube ni ya dubi kwanon. "Kai ma ka fara? Duk wanda ya shiga ajin nan sai ya fito yana zargin mutane."

Na ce, "Da zargina na shiga, Kofur. Karatun ƙari ne."

Ya yi dariya, ya rataya sikelin a reshen darbejiya. Yana gyara ƙugiya yana ba ni labari, wai a can inda suka je mata ne ke riƙe da kasuwa, awonsu da sanda ne da ɗan dutse a rataye, suna da sunan awonsu daban, sai soja ya juya shi zuwa laba a ka kafin ya san abin da ya saya. Ya ce, "Wata shida suna cin mu kafin mu gane. Da muka gane kuma aka ɗauke mu daga garin."

Na cika tiya yadda yaya ke cikawa, na juye a tsumma, muka ɗaure, muka rataya. Allura ta tsaya a kan biyar. Ban yarda da awo ɗaya ba. Kwana bakwai ina zuwa, wata rana da safe, wata rana da yamma, har Kofur ya ce zai fara karɓar goro. Wani lokaci allurar ta ɗan gota, wani lokaci ta ɗan gaza, amma ba ta bar biyar ba. Na rubuta a bangon littafina da manyan baƙaƙe: tiya ɗaya, laba biyar.

Gyaɗa ta yi kyau a shekarar. Mata suka yi kwanaki suna ɓarewa da sheƙewa. Ranar da yaya ya sa awo ta faɗo daidai da ranar da mai duba azuzuwa zai zo gwada mu, saboda haka ba na gida. Da na dawo na tarar da buhu shida a ɗinke, an jingine su a zaure.

Na ce, "Yaya, nawa aka auna?"

Ya ce, "Ɗari biyu cif. Alhamdu lillahi."

Na zauna a bakin ƙofa na ninka ɗari biyu sau biyar. Na yi a allo, na goge, na sake yi a ƙasa da tsinke. Laba dubu. Ban faɗa wa kowa ba. Na rubuta lambar a littafi, na sa a aljihu.

Ranar kasuwa muka ɗora buhunan, biyu a jakunanmu, huɗu a na aro daga wajen surukin yaya. Layi ya yi tsawo, sai wajen azahar aka zo kanmu. Na matsa kusa da sandar fiye da yadda manomi ke matsawa, na fito da littafi da fensir. Malamin sikeli ya ɗago kai.

"A'a, yau mun yi baƙon akawu. Baba, a ba ka kujera?"

Na ce, "A tsaye ma ina gani."

Aka ɗora na farko. Ya tura ƙarfen, ya ce, "Ɗari da arba'in da bakwai. Sauke."

Na ce, "Dakata, ɗana. Bari sandar ta tsaya tukuna."

Ya ɗage hannayensa sama kamar wanda aka kama da sata, mutanen layi suka yi dariya. Sandar ta tsaya. Na leƙa, na ga lambar da idona, ita ce ya faɗa. Amma gwiwarsa tana nan inda take kullum. Na ce ya ja da baya kaɗan. Ya ja, yana cewa, "In kana so in tuɓe riga ma sai in tuɓe, kada nauyinta ya shiga gyaɗarka."

Haka muka bi su shida, ina rubuta kowanne a layinsa. Da aka gama na koma gefe na tara. Ɗari takwas da tamanin. Na sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, kamar yadda aka koya mana. Ɗari takwas da tamanin. Abin da nake zargi shekara goma ga shi a takarda, da rubutun hannuna.

Na je kunnen yaya na ce, "Kada ka karɓi ko anini. Laba ɗari da ashirin babu su."

Ya ce, "Da yawa ke nan?"

"Da yawa ƙwarai."

"Ka tabbata?"

Na nuna masa shafin, ko da yake ba ya karatu. Ya dube shi ya daɗe, sannan ya juya ya ce wa malamin sikeli mun fasa.

Yaron ya cire fensir daga kunne. "Wata nawa ka yi a aji, Baba?"

"Bakwai."

"Ni shekara bakwai na yi. Amma ba laifi, gyaɗarku ce. In kun sami sikelin da ke haihuwa, ku aiko mini in saya."

Muka mai da kaya kan jakuna a gaban jama'a. Wasu na cewa mun yi daidai, wasu na cewa karatu ya hau mini ka. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce in na gano gaskiyar abin in zo in gaya masa, shi ma ya daɗe yana jin ana yankarsa.

A gida na ce wa yaya mu kai Ƙafin Maiyaki, inda na ji akwai wasu masu saye da nasu sikelin. Tafiyar kwana biyu ce da jakuna masu kaya. Dawarmu kuwa an riga an yanke ta, tana kwance a gonar da ke bakin daji ba a ɗaure ba. Yaya ya yi maganarta sau ɗaya. Na ce kwana huɗu ba za su yi mata komai ba. Ya ce to.

Mai ɗakina tana jin mu daga bakin murhu. Da yaya ya fita ta ce, "Malam, ba sai ku farke buhu ɗaya ku sake aunawa ba? Ga tiyar nan a rataye."

Na ce, "In sake awon da yaya ya yi da hannunsa?"

"Gyaɗa za ka auna, ba shi ba."

"In na ɗauki kwanon nan, na ce masa ban yarda da ƙirgarsa ba ke nan. Mutumin da ya juya wa kuɗi baya a kasuwa saboda maganata."

Ta ce, "Ai shi ke nan," ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Har yau ba ta sake tayar da maganar ba, kuma na san ba mantawa ta yi ba.

Muka fita da sassafe, mu biyu da jakuna shida. Ranar farko lafiya lau, muka kwana a gidan wani abokin mahaifinmu. Kashegari da hantsi muka zo wani rafi da bai gama janyewa ba. Ruwan bai wuce gwiwa ba, amma ƙasan laka ce. Biyar suka haye. Na shida, jakar surukin yaya, ƙafarta ta gaba ta nutse, ta durƙusa, buhun ya zame daga kan akumari ya faɗa ruwa. Kafin mu ciccibo shi ya sha ya ƙoshi. Jakar ta fito tana ɗingishi. Muka rage mata nauyi yadda za mu iya, jiƙaƙƙen buhun muka ɗora wa babban jakinmu a kan nasa, shi ya sa ba mu isa ba sai bayan la'asar, masu saye sun tashi. Muka kwana a nan.

Malamin sikelin Ƙafin Maiyaki dattijo ne mai tabarau, ba ya wasa, ba ya kuma sauri. Ya soka hannu a jiƙaƙƙen buhun ya sansana, ya ce wannan ba zai karɓa ba ko kyauta. Sauran biyar aka ɗora ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe littafina inda na rubuta awon farko, ina jiran in ga kowane buhu ya tashi da laba ashirin.

Na farko ya ce ɗari da arba'in da takwas. Laba ɗaya kacal ta ƙaru. Na biyu ma haka. Na uku ya ƙaru da biyu. Da aka gama, duka biyar ɗin laba shida suka ɗara awon garinmu.

Na tsaya ina kallon dattijon. Abin da ya fara zo mini shi ne bakinsu ɗaya. Wataƙila wuri ɗaya ake gyara musu sikelin, a rage shi daidai wa daida, yadda duk inda talaka ya kai kayansa zai tarar da lamba guda. Har na tambaye shi ko ya san yaron da ke saye a wajenmu.

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, sayarwa ka zo ko neman dangi?"

Na buɗe baki zan ce mu ƙara gaba, an ce akwai wasu a Dangora. Yaya ya dafa kafaɗata ya ce wa mutumin, "Mun sayar." A gaban baƙo ba zan musa masa ba. Aka biya shi, ya ƙulle a lalitarsa, muka juyo.

Da rana ta take muka sauka a gindin wata tsamiya don jakuna su huta. Muka buɗe jiƙaƙƙen buhun muka baza a kan tabarma. Ta fara ɗumi, wani wari na tashi daga tsakiya. Yaya ya zauna yana tsince waɗanda suka yi baƙi yana jefarwa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni fa labar nan taku ba na jin ta. Ɗari da ashirin ɗin da ka ce babu, tiya nawa ce da Hausa?"

Tun ranar kasuwa ina riƙe da lambar nan, ban taɓa mai da ita tiya ba. Ni dai na koyi zuwa daga tiya zuwa laba, daɗin abin ya ishe ni, ban waiwayo ba. Na share ƙasa da tafin hannu, na yi ta jera biyar-biyar da tsinke har na kai.

Na ce, "Ashirin da huɗu."

Hannunsa ya tsaya a cikin gyaɗar. Ya ce, "Ka fitar da ta Allah?"

"Wacce?"

"Zakka mana. Ɗari biyu muka auna. Ashirin na bayan rumbu a cikin sanho, ranar Juma'a zan raba."

Ni ma ɗan gidan ne, na san abin sarai. Mahaifinmu ba a dawa da gero kaɗai yake fitar da zakka ba, har gyaɗa, ko da wasu malamai sun ce ba dole ba. In ana awo, za a ƙirga ɗaya, biyu, har tara ana zubawa a buhu, ta goma a faɗe ta da baki amma a juye ta gefe, a fara sabuwar goma. Ƙirga ba ta tsallake ta, buhu ne ba ya ganinta. Tun ina yaro nake riƙe bakin buhu ana haka. In aka tambayi mutumin gidanmu nawa ya auna, abin da Allah ya ba shi yake faɗa, ba abin da ya rage masa ba. Tiya ɗari da tamanin ce a buhunan nan tun ranar da aka ɗinke su. Laba ɗari tara, ba dubu ba.

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini ba, yaya?"

Ya ce, "Nawa aka auna ka tambaye ni. Kuma ka ga na taɓa ɗinke zakka a buhun sayarwa?"

Ya ci gaba da tsintar gyaɗa. Bayan wani lokaci ya ce, "Da ka ce mini ashirin da huɗu a kasuwa, da a gida muka kwana." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a kan maganar, ran nan da bayanta.

Amma ni ina zaune ina kallon zanen da na yi a ƙasa. Ashirin ta fita. Saura huɗu. Tiya huɗu laba ashirin ce, kuma ba ta bayan rumbu. Dattijon Ƙafin Maiyaki ya dawo mana da shida a buhu biyar, wato sikelin garinmu ya ɗan gaza nasa. Ko gwiwar yaron ce, ko saurin hannunsa, ko ƙarfen ne ya tsufa, ban sani ba. Sauran kuwa, wataƙila gyaɗar ta ƙara bushewa a zaure. Wataƙila hannun yaya ya gaji wajen ƙarshen awo, tozon ya ragu. Wataƙila kuma sikelin Kofur ne ke ƙarawa, ko da yake mai sayen kakin zuma ba shi da dalilin riƙe sikeli mai ƙari. Na faɗa wa yaya haka. Ya ce, "Bar huɗun nan, don Allah. Tashi mu ɗaure kaya."

Ranar kasuwa ta gaba na je wurin malamin sikelinmu, don na ga bai dace in yi ta kewaye shi ba. Na gaishe shi, na ce lissafina ne ya yi kuskure, mafi yawansa.

Ya ce, "Mafi yawansa?"

"Akwai laba shida da na samu a can, ban samu a nan ba."

Ya kwashe da dariya har ya dafa sanda. "Kwana biyar a hanya don laba shida. Baba, in ka gama ajin ka zo in ɗauke ka aiki, irinka nake nema." Yana maganar gwiwarsa na jingine a wurinta. Na dube ta, ya ga na duba, bai janye ba.

Dattijon nan da ya kama hannuna ya tare ni a bakin rumfar mahauta ya tambaye ni abin da na gano. Na gaya masa duka, har da zakkar. Ya ce shi ba ya fitar wa gyaɗa zakka, amma duk da haka yana jin ana yankarsa. Na ce ni ma ban ce ba a yanka ba, adadin ne ban sani ba.

Ban bar aji ba, kuma har yanzu da littafi nake zuwa wurin saye. Sai dai duk ranar awo ina gida, ni ke riƙe bakin buhu, kuma layi biyu nake ja: abin da aka ƙirga da abin da ya shiga.

Abin da tafiyar nan ta ci mana shi ne wannan. A buhun da ya faɗa rafi, tiya goma sha ɗaya muka tsira da ita, mata suka yi mai da ƙuli. Goma sha tara ta yi funfuna muka zubar. Jakar surukin yaya ba ta sake ɗaukar kaya ba, muka ba shi tunkiya biyu a madadinta. Babban jakinmu ya yi miki a baya, wata guda bai fita ba. Dawar bakin daji birai suka shiga, gara ta bi ta ƙasa, inda muke sa ran dami arba'in muka ɗaure ashirin da shida. Da kwana biyar na aikin mutum biyu a tsakiyar kaka.